Amon Gangar Noma da Kiɗan Situdiyo: Kayan Aro Har Yaushe?

 Yau zan ɗan kauce daga zancen gina labari da tsara babi, in kai ku situdiyo. Wanda ya ga kamar na saki hanya ya yi haƙuri ya biyo ni, kafin mu rabu maganar za ta dawo kan alƙalaminmu.

Da kakar da ta wuce na je gida, wani ƙauye tsakanin Ɗambatta da Makoɗa. Duk wanda ya san wannan yanki ya san yadda yake: gona manne da gona, gida na hango gida, ba a barin saura, ko'ina gero ne da dawa da wake da gyaɗa a ƙarƙashin gawo da ɗorawa. Akwai wani ƙanena, ɗan kawuna, da ya gama sakandare ya sayi tsohuwar laftof da ƙaramar sola. Da rana yana cajin waya a shago, da dare yana haɗa wa mawaƙan biki da na siyasa kiɗa. Ya ja ni ciki ya sa mini iyafis a kunne, ya ce, "Yaya, ji wannan bes ɗin." Na ji, kuma gaskiya yana da kauri. Na tambaye shi inda ya samo shi. Ya ce, "A intanet na sauke, ai kowa da shi yake aiki."

Wannan amsa ta tsaya mini a rai. Muna yara, idan ana gayya a gonar wani, tun daga ƙofar gida kake jin gangar noma. Kafin kunnenka ya tantance kiɗan, ƙirjinka ya riga ya karɓa. Wannan dukan da ake ji a ƙirji shi ne abin da yaran situdiyo ke kira bes, shi suke kashe data suna nema. Ga shi kuwa a rataye a zauren wani dattijo, tafiyar minti biyar daga shagon, ƙura ta rufe shi.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: ya kamata masu haɗa kiɗanmu su riƙa gina kaurin sautinsu daga gangunanmu, domin dabarar yin hakan tana nan kuma ba ta da tsada. Amma da sharaɗi, a biya makaɗin, a kuma ambaci sunansa. Mu marubuta muna da aiki a duka biyun.

Bari in fara da dabarar. Masu sana'ar suna ce mata risamfilin, ni kuwa na fi son in kira ta naɗi kan naɗi. Ka samu sauti ka naɗe shi. Ka ɗauki abin da ka naɗa ka sarrafa shi, ka rage masa gudu ko ka yanke wani ɓangare ko ka ƙara masa kaushi. Sai ka sake naɗe sakamakon ya zama sabon sauti mai zaman kansa. Shi ma ka sake sarrafa shi, ka sake naɗewa. Wasu sukan zagaya sau uku, wasu sau goma, har sai abin ya zama wani sauti da babu shi a kowace na'ura.

Don a gane dalilin, sai an san mene ne sauti. Sauti girgiza ce a cikin iska. Kunnen ɗan Adam yana kama girgizar da ta fara daga kamar sau 20 a daƙiƙa zuwa kamar sau 20,000. Mai yawan girgiza shi ne siririn sauti, irin na sarewa. Mai ƙarancin girgiza shi ne mai kauri, kuma bes yawanci yana zaune ne daga sau 40 zuwa wajen sau 100 da ɗoriya a daƙiƙa. Idan ka rage gudun abin da ka naɗa zuwa rabi, girgizar ma ta koma rabi, sautin ya ƙara kauri, tsawonsa kuma ya ninka. Duk wanda ya taɓa jin rikoda batir ya yi mata sanyi, muryar mawaƙi ta koma ta ƙato, ya riga ya san wannan. Da wannan hanya kaɗai ƙaramar ganga za ta iya yin amon babba.

Sai dai akwai matsalar da ta shafe mu kai tsaye. Mutanenmu na karkara da waya suke sauraron waƙa, ko da 'yar ƙaramar sifika mai memori da ake ratayawa a reshen bishiya a gona. Irin waɗannan sifikoki ƙanana ba sa iya fitar da girgizar ƙasa-ƙasa. Bes ɗin da ya cika ɗaki a situdiyon Kano, idan ya iso wayar manomi sai ya ɓace. Maganin shi ne a ƙara wa sautin kaushi da gangan. Yin haka yana haifar masa da 'ya'ya a sama: idan uwar tana girgiza sau 60, sai a samu masu 120, da 180, da 240, da 300, haka har sama. Waya tana iya fitar da na saman, ƙwaƙwalwar mai sauraro kuma sai ta cike gurbin uwar da kanta, ya ji kamar kaurin yana nan. Kowane zagaye na naɗi kan naɗi dama ce ta ƙara irin waɗannan 'ya'yan kaɗan-kaɗan, ba tare da an ɓata sautin a tashi ɗaya ba.

Akwai kuma fa'ida ga mai ƙaramin ƙarfi. Tsohuwar kwamfuta ba ta ɗaukar manhajojin sarrafa sauti da yawa a lokaci guda, sai ta fara sarƙewa. Idan ka naɗe abin da ka yi ya zama fayil ɗaya, ka sauke mata nauyi, kuma batirin sola zai kai ka inda kake so.

Sautukan da yaranmu ke saukewa su ma ta irin wannan hanya aka haife su. A shekarar 1980 kamfanin Roland na Japan ya fitar da na'urar kiɗa mai suna TR-808. Ba ta yi kasuwa ba, domin mawaƙan lokacin sun ce gangarta ba ta yi kama da ganga ta gaskiya ba, aka daina ƙera ta a 1983. Da ta yi arha a kasuwar kayan hannu, sai matasan Amurka masu kiɗan hip-hop suka saye ta. Daga baya aka riƙa naɗar dukan babbar gangarta, ana ja masa tsawo, ana hawa da sauka da shi, har ya zama bes ɗin da duniya ke kira 808 a yau. Haka kuma a 1988 wani makiɗi na birnin Detroit, Kevin Saunderson, ya yi wani bes mai gurnani a faifan da ya fitar da sunan Reese. Matasan Ingila suka naɗe shi a shekarun 1990 suka yi ta sarrafawa, har yanzu da sunan Reese ake kiran irin wannan sauti. Na baya-bayan nan shi ne dukan nan mai kauri na kiɗan amapiano daga Afirka ta Kudu, wanda ya mamaye waƙoƙin Legas, yanzu kuma muna jin sa a wasu waƙoƙin Hausa. Kowanne daga cikinsu wasu matasa ne suka ɗauki abin da ke kusa da hannunsu suka yi ta juya shi har ya zama tambarin garinsu.

Mu fa? Tun bayan fitowar Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa ya buƙaci kiɗa mai sauƙin samu. A ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya zauna daram a situdiyoyin Kano, kuma waƙar fim ɗin Sangaya ta nuna wa kowa irin kasuwar da ke cikinsa. Makiɗan wancan lokaci sun yi ƙoƙari, sun laluba cikin fiyano suna neman sautukan da suka yi kusa da kalangu da bandiri da sarewa. Amma kusa ne kawai, domin injiniyoyin Japan ba da kalangu a gabansu suka tsara na'urar ba. Daga nan aka koma kwamfuta, manhajoji irin su FL Studio na kamfanin Image-Line da ke Beljiyam suka shigo, situdiyo ya tashi daga titin Zoo Road ya isa har shagon cajin waya a ƙauye. Na'ura ta sauya, ɗabi'ar aro ba ta sauya ba. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Na matsa wa ƙanen nan nawa sai da muka je wurin dattijon mai gangar. Muka gaisa, na ce, "Baba, gangar nan muka zo a taɓa mana, muna so mu naɗa." Ya dube mu ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, rabon da wani ya tambayi gangar nan har na manta." Ya sauko da ita ya kakkaɓe, ya ɗan gasa fatar a gefen wuta don ta ɗaure, ya ɗauko gula.

Naɗin farko bai yi ba. Mun kai wayar bakin fata, ƙarfin dukan ya fi ƙarfin makirufo, sautin ya fashe. Muka ja baya kamar taku uku, muka koma cikin zauren ƙasa inda babu kwanon rufi mai amsa kuwwa, muka roƙe shi ya riƙa duka ɗaya-ɗaya yana barin amon ya mutu kafin ya sake. Sai da muka jira awaki suka yi shiru. Darasi na biyu mun koye shi ne a shago: fayil ɗin da aka tura ta saƙon murya na WhatsApp ya rasa armashinsa, domin manhajar tana matse sauti. Dole muka kwafe ainihin fayil ɗin ta waya mai igiya.

Daga nan yaron ya zauna aiki. Ya zaɓi duka guda mai tsabta, ya rage masa gudu, ya naɗe. Ya raba kan dukan, wato ƙarar gula a kan fata, da jelarsa, wato amon da ke biyo baya. Ya ja jelar ta yi tsawo, ya daidaita ta da muryar fiyano, ya naɗe. Ya ƙara mata kaushi, ya tace ƙarar sama da ba ya so, ya mayar mata da kanta, ya sake naɗewa. Wani abu da ya ba mu mamaki shi ne, idan an doki fata da ƙarfi amon yakan fara a sama kaɗan sannan ya zame ƙasa. Wannan zamewar ita ce yara ke wahalar ƙirƙira da hannu a kan 808, ga ta nan gangar Baba tana yi da kanta. Da muka saurara a ƙaramar waya, kaurin bai ɓace ba.

Washegari muka kai wa Baba ya ji. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Gangata ce, sai dai ta sha iskar birni." Muka yi dariya. Sai ya ƙara da tambayar da ta kashe dariyar: "To ɗana, tunda ta shiga cikin akwatin nan, wa zai sake kirana?"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan ra'ayina, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Makaɗan karkara sun daɗe suna rasa abinci. Gayya ta ja baya, aikin ƙwadago na kuɗi da garmar shanu da maganin feshi sun karɓi wurinta. A biki kuma DJ da janareta sun maye gurbin masu kalangu da 'yan kiɗan ƙwarya. 'Ya'yan makaɗa da yawa ba sa son gadon, wasu saboda babu samu, wasu saboda kallon da al'umma ke yi wa roƙo. Idan muka naɗe dukan mutum sau ɗaya muka yi ta sayar da shi shekara goma, mun ƙarasa abin da DJ ya fara.

Duniya ta ga irin wannan. A 1969 wata ƙungiyar mawaƙa a Amurka mai suna The Winstons ta fitar da faifai, a cikinsa makaɗinsu Gregory Coleman ya yi wani kiɗan ganga na kamar daƙiƙa bakwai. An naɗi wannan guntun kiɗa an saka shi a dubban waƙoƙi, an gina nau'o'in kiɗa sukutum a kansa. Coleman ya rasu a 2006 cikin talauci, bai ci ko kwabo daga ciki ba. Ba na fata mu maimaita wannan a Ɗambatta ko Bichi ko Kunchi.

Amma ku duba ɗaya gefen. Ko mun naɗa ko ba mu naɗa ba, ba a kiran Baba. Gangarsa tana rataye tun kafin ƙanena ya sayi laftof. Idan ya rasu ba a naɗa ba, amon ya tafi da shi, yaranmu kuma su ci gaba da rawa da gangar wasu. Saboda haka ƙin naɗar ba ya ceton kowa. Abin da zai yi amfani shi ne a gyara yadda ake naɗar. A biya makaɗi ladan zama tun ranar farko. A rubuta yarjejeniya da Hausa, da boko ko ajami, a gaban shaidu, a faɗi waƙoƙi nawa za a yi da sautin da kuma kason da zai samu idan waƙa ta kawo kuɗi. A ambaci sunansa da garinsa duk inda aka saka waƙar. Kada a ɗora sautin a intanet kowa ya sauke sai da yardarsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi kariya ga masu aiwatar da fasaha da kuma fasahar gargajiya. Sai dai Baba ba zai je Abuja neman haƙƙinsa ba. Abin da zai kare shi shi ne kunyar yaran garinsu da takardar da ke aljihunsa.

Wasu za su ce ai da zarar an ja sauti an murɗe shi, ya tashi daga gargajiya. Na yarda ya sauya. Amma kalangun da ke bayan Mamman Shata ma ba a tsaye ya tarar da shi ya bar shi ba, haka kuntigin Ɗanmaraya Jos, haka ƙwaryar Barmani Choge. Kowannensu ya ɗauki abin da ya gada ya juya shi ya dace da zamaninsa. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za a nemi abin juyawar a rasa. Kuma ba gangar noma kaɗai ba ce. Akwai amon turmi idan mata suna lugude, akwai ƙwarya a kife a kan ruwa, akwai shantu, akwai dundufa da kotso da jauje. Kowanne yana da kaurin da babu shi a kundin sautukan da ake saukewa.

Yanzu bari in dawo gida, kan alƙalami.

Na farko, mu ne muka fi kowa kuka da satar fasaha. Sau nawa aka kawo ƙorafi cewa an ɗauki littafin wata ana karantawa a YouTube ba da izininta ba, ko an cire sunan marubuci an sa wani? Zafin da muke ji shi ne wanda makaɗi zai ji. To mu tambayi kanmu: tatsuniyar da muka ji a bakin kaka muka mayar littafi, ko kirarin da muka tsinta a bakin maroƙi muka ƙawata babi da shi, mun taɓa ambaton mai shi ko a shafin godiya? Kuma rubuta yarjejeniyar da na ambata, a Hausa mai sauƙi da dattijo zai gane idan an karanta masa, aikin wa ne in ba namu ba?

Na biyu, kalmomi suna mutuwa tare da kayan. David Ames da Anthony King sun wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan makaɗa da mawaƙan Hausa. Duk da haka kowane ƙauye yana da nasa sunayen kiɗa, da taken manoma, da yadda ake zuga wanda ya fi kowa cin kunya a gayya. Mai naɗar sauti zai kama amon, amma ba zai kama ma'anar ba. Idan ƙanenka zai je naɗa, bi shi da littafi da biro. Tambayi sunan kowane sashe na gangar, da fatar wace dabba ce, da wanda ya koya masa, da taken da ake yi wa wa.

Na uku, ga masu rubuta waƙa a cikinmu. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya suna sauya ma'ana, shi ya sa kalangu ke iya magana idan makaɗi ya matse tsarkiya ya saki. Kiɗan da aka gina a kan harshen da ba shi da wannan siffa yakan tilasta wa mawaƙi ya karya kalma don ta hau. Duk mun sha jin waƙar da sai an yi ta maimaitawa kafin a gane abin da ake faɗa. Idan kana da dama, zauna da mai haɗa kiɗan tun farko, ka karanta masa baitin da muryar magana, ya ji inda take hawa da inda take sauka kafin ya shimfiɗa bes.

Na ƙarshe, ita kanta dabarar tana da amfani a teburin marubuci, kuma na gwada. Da yawanmu mukan shekara muna shafa babin farko, mu sauya kalma mu mayar, ba mu taɓa kaiwa ƙarshe ba. Mai naɗi kan naɗi idan ya naɗe, ya rufe ƙofar komawa, dole ya yi gaba da abin da ke hannunsa. Gwada haka: gama babin, karanta shi da ƙarfi kana naɗa a waya, ajiye takardar, saurari muryarka bayan kwana biyu. Inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Inda ka ji kamar fassara ce daga Turanci, to fassarar ce. Sake rubuta babin daga abin da kunnenka ya riƙe, sannan ka sake naɗa. Zagaye biyu ko uku sun isa. Masu kiɗa ma sun san cewa idan zagayen ya yi yawa sautin yakan dagule ya rasa asalinsa.

Game da Baba, mun biya shi ladan zamansa, muka rubuta takarda mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, kuma ban san ko waƙar za ta je ko'ina ba. Tambayarsa ma har yanzu ban gama amsa ta ba. Abin da na sani shi ne jikansa, yaro ɗan shekara goma sha biyu, ya tsaya a bakin zaure ranar da muke naɗa, kuma da muka tashi tafiya shi ya karɓi gular daga hannun kakansa.

Aikin wannan mako ga mai sha'awa: ka nemi makaɗi ɗaya a garinku ko unguwarku, namiji ko mace, ka gaishe shi, ka nemi izininsa, ka rubuto mana kalmomi goma na sana'arsa da ba ka sani ba a da, tare da ma'anarsu da sunan garin. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure, musamman masu ganin naɗar ma bai kamata a fara ba, ƙofa a buɗe take, ina son jin hujjarku.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.